Masu bincike na son yanki a gonata don gwajin noman biyo, in ba su ko in hana?

Tela Na Zango

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri in ɗauko ta daga tushe.

Ni tela ne a Zango, nan cikin Damagaram, sai dai da ruwa ya sauka nake barin yara a shago in koma gonar gadonmu a wani ƙauye kan hanyar Mirriya. Hekta uku ce da ɗan kai, jigawa, hatsi da wake nake zuba mata, sai yakuwa a kan iyaka. Ranar Alhamis da ta wuce ina kasuwar Dole ina cinikin zare mai gari ya kira ni, ya ce an yi baƙi masu binciken noma, malami ɗaya da ɗalibai biyu, suna neman mutum goma sha biyu da za su yi gwaji tare har damina uku, kuma ya riga ya sa sunana. Na ce ranka ya daɗe, ai da ka bari na ji da kunnena tukuna.

Ran Asabar na je na same su. So suke in yanka fili huɗu a cikin gonar, kowanne mita ashirin tsawo, ashirin faɗi. Na farko ba a sa masa komai, shi suke kira shaida. Na biyu takin dabbobi a gurbin shuka. Na uku takin rami da aka ruɓar, wanda suke ce wa kwampos. Na huɗu kwampos ɗin haɗe da garin dutsen fosfat na Tawa. Ba angire, wato takin zamani, ba maganin feshi na kanti. In ƙwari sun taso wa wake, ruwan ƴaƴan bedi za a fesa. Noman biyo ke nan a bakinsu.

Maganarsu da daɗi, ban ƙi ba. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Shekara takwas da suka wuce wani furoje, ba zan kama suna ba, ya zo mana da irin wannan. Suka kafa turaku masu jan fenti, suka dasa allon ƙarfe a bakin gona, suka ɗebi ƙasa a leda. Da kaka suka dawo da sikeli, suka auna zangarniya, suka rubuta a littafi, suka ba ni hula da jika biyu kuɗin mota. Daga ranar ko sallama. Har yau ban san abin da ƙasata ta gaya musu ba. Filin shaidarsu kuwa kusan kwatar hekta ne, ƙuduji ya mamaye shi, inda na saba ɗaure dami goma, uku kawai na ɗaure, ba wanda ya ce mini sannu. Allon dai yana nan, shi ne ƙyauren akurkin kajin uwargida.

To ga tambayar. Wanda ya taɓa irin wannan aiki da masu bincike, me ya ƙaru da shi? Asarar filin shaida a wuyan wa take? In zan yarda, wane sharaɗi ya kamata in gindaya musu tun kafin a kafa turke? Juma'a mai zuwa za su dawo jin amsa.

Ɗan Birni a Maraɗi

Wa alaikumus salam Baba. Ni ɗan Birni ne, karatun noma nake a Maraɗi, kuma bara ni ma na riƙe littafi da sikeli a gonakin mutane, don haka laifin da kuka faɗa har da irinmu a ciki. Ɗalibi yana tara lambobin nan ne don ya rubuta kundin kammala karatu da Faransanci, ya kare shi gaban malamai, a ɗora a kanta. Kafin a tuna da komawa ƙauye kuɗin mai ya ƙare. Ba uzuri nake kawowa ba, yadda abin yake ne.

Filin shaida dai, Baba, in babu shi babu gwaji. A ce bana ruwa ya yi kyau kun ɗaure dami da yawa, ta ina za a gane taki ne ya yi aiki ko sama ce? Ruwan Damagaram wajen milimita 400 ne a shekara, wata shekara ya haura, wata ya gaza, kuma ƙauye biyu maƙwabta ma ba sa samu daidai. Abin da ya sa suke son mutum sha biyu da damina uku ke nan, don gona ɗaya a shekara ɗaya tana iya yi wa mutum ƙarya. Kuma ku yi lissafin filin nan: ashirin sau ashirin mita 400 ne, kashi ɗaya cikin ashirin da biyar na hekta. In hektarku tana ba da kilo 400, duk abin da ke cikinsa kilo 16 ne, tiya shida da ɗan kai. Ko ya gaza da rabi, tiya uku kuka rasa. Wancan na kwatar hekta shi ne ya yi yawa. Abin da zan roƙe ku, in kun yarda, ku nome shaidar rana ɗaya da sauran, ku cire ta rana ɗaya. Na ga manomin da ya tausaya mana ya je da dare ya barbaɗa angire a filin kwampos don kada mu ji kunya. Shekara guda ta tafi a banza, mu da shi duka.

In kuna son misalin inda haɗin nan ya yi amfani, ku dubi murzuna, tsutsar nan da ke bin zangarniya tana zagaye ta kamar an murɗa igiya. A muguwar shekara tana cinye fiye da rabin hatsi, feshi kuma ba ya kai mata don tana cikin zangarniyar. Tun 2006 masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, reshen Maraɗi, su Ibrahim Bawa, da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso suka fara sakin wani ɗan ƙwaro mai kama da ƙaramin zanzaro, wanda manoma ke ce wa mayaƙi. Macen tana harbin tsutsar ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, ƴaƴan su cinye ta. Ana ɗinka ƴan ƙananan buhunan garara, a zuba hatsi da gari, a sa tsutsar asu 25 da matan mayaƙi 2, a rataya buhu 15 a ƙauye, uku uku gabas da yamma da kudu da arewa da tsakiya. Ƙwaron daga ɗakin bincike ya fito, amma manomi ne ke ganin ranar da hatsi ya fara fitar da kai, shi ya san wace gona ce ta riga shuka, shi ke hana yara kwance buhun. In an makara da mako biyu an yi aikin banza. Yanzu har akwai ƙungiyoyin ƙauye da ke kiwon mayaƙin da kansu suna sayarwa.

Sharaɗi ɗaya da ba zan so ku sassauta ba: duk lambar da suka rubuta a littafinsu, ku ma a rubuta muku a naku, nan take a bakin gona.

Inna Mai Ƙuli

Malam tela, barka da war haka. Daga Matameye nake, jikata ce ke rubuta mini.

Ku maza kullum dami kuke ƙirgawa, masu binciken ma haka. Mu da aka yi gwajin iri a gamanarmu, malamin ya zo yana murna wai wani iri ya fi kowa kilo. Muka ce ya zauna. Muka surfa, muka daka, muka dama fura da kowane iri a ƙwarya daban, muka ce ya sha. Wanda ya fi kilon nan dusa ce rabinsa, furarsa kuma kafin la'asar ta tsinke. Karansa siriri, ba ya darni. Ya yi shiru ya buɗe sabon shafi. Shekara ta biyu da kansa ya zo da takarda mai gurbin daka da gurbin ɗanɗano. Don haka ka ce musu a auna har da harawa da kara, kuma a kira uwargidanka ranar awo. Da bazara harawar wake kuɗi ce a hannu, kowa ya sani.

An taɓa kai mu ziyara Maraɗi wurin matan ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya. Su ba jira suke a kawo musu tambaya ba, su ke cewa ga abin da ya dame mu, masu binciken INRAN da na wata jami'ar Jamus, Hohenheim, su zo a gwada tare a gonakin mata, waɗanda ka san su ne na can ƙarshen gari inda ƙasa ta gaji. Can na koyo dunƙulen iri. Rairayi da yumɓu da ɗan tokar murhu da irin hatsi, a kwaɓa, a mulmula ƙanana-ƙanana, a shanya a inuwa, a binne tun kafin ruwa. Ɓera da tururuwa ba sa kwashe irin, tsiron kuma yana tashi da ƙarfinsa. Amma fa aiki ne, dare uku ni da ƴaƴana muna mulmula na rabin hekta. Wannan ma ka tambaye su: wa zai haƙa ramin kwampos, wa zai riƙa ɗebo masa ruwa da rani? Don in ba a faɗa ba, a kan mata da yara yake ƙarewa, kuma ba ya shiga littafi.

Sai kuma oga. Fitsarin mutum ne, an sa masa wannan suna don a iya faɗarsa a taro. Ana tara shi a jarka a rufe wata biyu zuwa uku a rana, sannan a zuba a gindin hatsi. Gwaji 681 suka yi daga 2014 zuwa 2016, zangarniya ta ƙaru da wajen kashi 30 cikin ɗari. Matan ne suka riƙe abin, ba wani ya ɗora musu ba. Warin kam ba a magana, sai an ɗaure hanci da gyale.

Almajirin Garin Malam

Inna, Allah ya ƙara girma. Na ga wasu za su yi tsalle a kan oga, shi ya sa na sa baki. A mazhabarmu ta Malikiyya shukar da aka shayar da najasa mai tsarki ce, hatsin da ya fito halal ne. Abin lura jiki da tufa, mutum ya wanke kafin salla, kuma kada jarkar ta kusanci randar sha. Allah shi ne masani.

Dattijon Magarya

Tela, ni zan ɗan ɓata muku taron.

Da farko wannan suna na biyo dariya yake ba ni. Mu da buhun angire sai dai mu gan shi a shagon ɗan kasuwa, ai tun haihuwa biyo muke, talauci ne ya yi mana rajista. Abin da ya kamata su bincika ba ko taki yana aiki ba ne, wannan ko jikana ya sani. A ina za a samo shi? Yi lissafi da ni. In ka shuka taku ɗaya tsakanin gurbi da gurbi, hekta tana cin gurbi 10,000. Ka sa wa kowanne cikin hannu biyu, a ce giram 200, tan biyu ke nan. A amalankena ta shanu sawu shida ne ko bakwai, kai kuma hekta uku gare ka, gonar ba a bayan gida take ba. Awaki nawa ke gidanka a Zango? Da can Fulani na sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar maka taki, ka ba su hatsi, kowa ya ji daɗi. Yanzu kowa kwashe karansa yake ya kai gida ko kasuwa, me zai zaunar da Bafulatani a gonar da aka share kamar tsakar gida? A fili mai mita ashirin komai yana yin kyau. A hekta uku ake gane na gaskiya.

Na biyu, kada ka shiga wurinsu kana jin kai ne ɗalibi. Dubi gawo. Kakanninmu sun san hatsin gindinsa ya fi na fili tun ba a haifi mai sikeli ba. Ka ƙi ruwan Allah, da damina ya zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi inuwa dabbobi su kwanta su yi taki, ƴaƴansa kuma abincinsu. Tsofaffi suna ba da labarin zamanin Sarki Tanimun wanda ya sare gawo a ƙasar Damagaram a bakin ransa. Bayan farin 1984 mutane suka koma barin tsiron itatuwa a gona lokacin sassabe, a Maraɗi wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗa abin tun 1983, mu nan Magarya da Matameye da Mirriya da gawonmu muka yi. Sai a 2006 masu bincike su Mahaman Larwanu suka zo suka ƙirga, suka ce wajen hekta miliyan ɗaya ce a nan kawai, daga baya aka ce miliyan 5 a ƙasar da itatuwa wajen miliyan 200. Wa ya koya wa wani a nan? Amma zan faɗi gaskiya, ƙirgar tasu ta yi rana.

Na uku kasuwa. In wani ya ce maka biyo ya fi tsada, tambaye shi a wace rumfa. A Dole tiya tiya ce. Masu fitar da riɗi Turai ne ke biyan ƙari, su kuma sai da takardar shaida, sai gona ta yi shekara biyu ba ta ga maganin kanti ba, sai an biya mai dubawa. Mutum ɗaya ba ya iyawa sai ƙungiya. A Burkina Faso suna da tsarin da manoma da masu saye ke duba gonakin juna su ba da tambari don kasuwar gida, wannan ya fi kama da ƙarfinmu.

Ban ce ka hana su ba. Ka ba su, amma ka ce kai ma kana da tambaya, a sa ta cikin gwajin.

Mai Lambu Gidimuni

Baba Dattijo, a gonar damina na yarda talauci ya sa mu biyo, amma ku zo lambu ku gani. Nan kabeji da tumatir wanka ake musu da maganin ƙwari irin su piya-piya, yau a fesa gobe a kai kasuwa, kwalabe daga Najeriya, yawancinsu ba sa cikin jerin da kwamitin ƙasashen Sahel ya amince da su. Ni sai da ƙanena ya faɗi a kan kunya da famfo a baya, muka kwana asibiti, sannan na nemi wata hanya.

Malam tela, bedi yana aiki amma ba irin na kanti ba ne da za ka ga ƙwaro ya faɗo a gabanka. Hana shi ci yake, ya hana shi girma. Ni ƴaƴan da suka nuna nake tsincewa, in bushe su a inuwa, in daka rabin kilo in jiƙa a lita goma ya kwana, in tace da ɗankwali, in kaɗa ɗan sabulu, in fesa da yamma don rana na kashe ƙarfinsa. Kowane mako, ba fashi. A wake ka fara tun yana fitar da fure, in ka jira tsutsa ta shige cikin kwanso ka makara. Ka tambaye su ko za su kawo famfon da bai taɓa ganin maganin kanti ba. In na aro ne daga maƙwabci, gwajin ya gurɓace tun ranar farko.

Tela Na Zango

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Inna, a gaida jika mai rubutu.

Jiya Juma'a bayan masallaci muka zauna a zauren mai gari. Na je da sabon littafi na dala arba'in, na buɗe shi a kan gwiwa kafin kowa ya yi magana, ɗaliban suka kalli juna. Na ce duk awo a rubuta mini nan take, suka yarda. Na ce kowace shekara kafin shuka a dawo a gaya mana da Hausa abin da gonaki sha biyun suka nuna, ba tawa kaɗai ba, malamin ya ce a sa a takarda mai gari ya sa hannu. Harawa da kara za a auna, amfanin duka nawa ne, famfo sabo za su kawo mu riƙa karɓa-karɓa. Diyyar filin shaida sun ce babu, ni ma da na tuna lissafin ɗana na Birni ban ja ba.

Inda muka daɗe shi ne tambayata. Akwai gawo biyu manya a kusurwar gabas, na ce a yanka fili na biyar a gindinsu, ba taki ba komai, da irinmu na gida, mu ga ko kwampos ɗin zai kamo shi. Malamin ya ce wannan zai ɓata musu kwatanci tunda ba kowa ke da gawo ba. Sai wani tsoho daga baya ya ce a ƙirga, aka ƙirga, tara cikin sha biyu suna da shi. Ya yi dariya ya ce to za a rubuta shi a shafi daban.

Dakon taki ne ba mu gama ba. Su sun ce na filayen gwaji za su biya amalanke, ni na ce a rubuta har kwanakin aikin rami da bidon nawa na ruwa ya sha, ɗalibar cikinsu ta ce ita za ta ɗauki wannan. Za mu gani. Uwargida kuma ta ce in za su kafa allo in roƙa mata mai faɗi, garken awaki ba shi da ƙyaure.

Wanda ya san nawa ake sayar da amalanken taki bana a wajen masu kiwon cikin gari, ya taimaka mini da farashi, ina son in fara ramin kafin ƙarshen wata.